Faifai Lafiya, Dek Lafiya, Amma Fim Ya Ƙi Fitowa: Fashin Baƙi Kan Lambar Shiyya

Shekarun baya wani kawuna da ke zaune a Bronx, can Amurka, ya aiko mana da duron kaya zuwa Nima. A cikin takalma da sabulai da rigunan sanyin da babu mai iya sa su a zafin Akra, akwai faifan DVD guda shida, sababbi fil a ledarsu, waɗanda ya saya da dalarsa don tsohonmu mai son finafinan tarihi. Bayan isha'i aka taru a falo. Dek ɗinmu kuwa ba na wasa ba ne, ƙirar Japan mai suna, wanda aka saya hom-yus, wato na hannu daga waje, cikin kayan da wani boga, ɗan gida mazaunin Turai, ya sauke daga Jamus. Aka zura faifai, ya ɗan yi gurnani, sai ga rubutu a talabijin: "Wrong Region", wato shiyya ba ta dace ba. Aka fitar, aka hura masa iska, aka goge da gefen riga, aka mayar. Shiru. Duk shidan haka suka yi. Tsohonmu ya ce, "Kai, kira kawunka ka gaya masa an cuce shi, jabu aka sayar masa." Washegari ƙanena ya ɗauki ɗaya ya shiga maƙwabta, inda suke da wani ɗan dek na Sin mara suna, wanda ko murfin rimot ɗinsa ya ɓace an ɗaure batir da kyauro. Fim ya fito tar, kamar don shi aka buga faifan.

Babu wanda ya cuci kawu. Faifan na asali ne, dek ɗin ma lafiyarsa ƙalau. Da gangan aka hana su gaisawa, kuma tun kafin a sayar da faifan DVD na farko a duniya aka shirya hakan. Na daɗe ina jin mutane a Nima da Mamobi da Sabon Zango suna tattara kowace irin matsala su ba ta suna ɗaya, wai "faifan bai yi ba". To, "bai yi ba" ɗin nan iri-iri ce, kowace da sanadinta da maganinta. Wanda bai rarrabe su ba shi ne zai kai lafiyayyen dek wurin mai gyara a canza masa ido a banza, ko ya jefar da faifan bikin 'yarsa alhali babu abin da ya same shi.

DVD ya fito kasuwa a Japan a ƙarshen 1996, ya shiga Amurka a 1997. Manyan kamfanonin fim na Hollywood sun nemi abu biyu kafin su saki jiki su ɗora finafinansu a kansa: makullin da zai hana kwafa, da hanyar da za ta hana faifan wata ƙasa aiki a wata. Sai aka shimfiɗa taswirar duniya aka kasa ta shida kamar naman watanda. Shiyya ta 1 ita ce Amurka da Kanada. Ta 2 ta kwashi Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya, har da Saudiyya da Dubai, sannan ta tsallako Afirka ta ɗauki Masar da Afirka ta Kudu da Lesotho da Eswatini. Ta 3 kudu maso gabashin Asiya ce, da Koriya ta Kudu da Taiwan da Hong Kong. Ta 4 ta haɗa Meziko da Kudancin Amurka da Ostareliya da New Zealand. Ta 6 Sin ce ita kaɗai. Ragowar kuma, wato sauran Afirka duka da Indiya da Pakistan da Rasha da Mongoliya da Koriya ta Arewa, aka tattara a kwando ɗaya aka rubuta 5. Akwai 7 da aka keɓe don buƙatun masana'antar, akwai 8 ta jiragen sama da na ruwa masu yawo tsakanin ƙasashe. Abin da ake kira shiyya 0 kuwa ba wata shiyya ba ce, faifai ne da aka bari a buɗe, ko dek ɗin da ba ya tambaya.

A takarda ke nan, Gana tana shiyya ta 5, ita da Najeriya da Nijar da Togo. Amma mutum ya leƙa falon gidajenmu ya gaya mini me ya fito daga shiyya ta 5. Kwantenonin da ake saukewa a Tema daga Hamburg da Landan da Amsterdam da Niyok da Toronto suke tasowa, wato shiyya ta 2 da ta 1. Alhaji ya dawo daga Makka da tsarabar na'ura, a ƙa'ida ta 2 ce. 'Yan kasuwarmu Dubai da Guangzhou suke sari. Wanda ya zana taswirar nan ya ɗauka kowa zai sayi dek da faifai a garinsu, a kanti ɗaya, daga hannun dila ɗaya. Bai san da zango ba, inda gida guda ke da ɗa a Jamus, 'ya a Amurka, suruki a Jidda, kuma kowa na aiko da abin da ya samu. Shi ya sa abin da a wasu ƙasashe sai ɗan yawon duniya yake cin karo da shi, mu a nan ya zama ruwan dare.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba, a gaskiya. A watan Maris na 2009, wata huɗu kafin ya kawo ziyara Akra, Barack Obama ya ba Firayim Ministan Birtaniya Gordon Brown kyautar faifan finafinan Amurka guda 25. Jaridun Ingila suka ruwaito cewa da aka je kallo faifan sun ƙi, don na shiyya ta 1 ne. In dai fadar shugaban Amurka za ta yi wannan kuskure, kawuna ya cancanci afuwa.

Yadda makullin shiyya yake aiki bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A cikin kowane faifan fim akwai wani ɗan fayil mai suna VIDEO_TS.IFO, shi dek ke fara karantawa don ya san abin da aka zura masa. A cikin fayil ɗin akwai wuri ɗan mitsitsi, bayit ɗaya tak, mai gurbi takwas, kowane gurbi na shiyya guda. A ɗauke shi kamar zaure mai ƙofa takwas: mai faifai ya rufe waɗanda ya ga dama ya bar waɗanda ya ga dama. Shi kuma dek an rubuta masa tasa lambar tun daga masana'anta. Yana dubawa ya ga ƙofarsa a rufe, sai ya tsaya cak ya fito da rubutun nan. Fim ɗin yana nan daram a ciki, idon dek yana ganinsa sarai, umarni kawai aka ba shi kada ya nuna. Faifai ɗaya yana iya buɗe ƙofa biyu ko uku, shi ya sa za ka ga wani an rubuta 2 da 4, wani 2 da 5. A bayan kwalin, can ƙasa, akwai ɗan hoton duniya da lamba a tsakiyarsa. A bayan dek ma akwai irinsa kusa da inda wayoyi ke shiga. Duban waɗannan biyun ba ya cin minti ɗaya, kuma da mun yi shi a daren nan da ba a ɓata sunan kowa ba.

To me zai sa kamfanin da ke ƙera dek ya yarda ya naƙasa kayansa da hannunsa? A nan makullin farko, na hana kwafa, yake shigowa. Finafinan Hollywood a hargitse suke a kan faifai, da wani tsari da ake kira CSS, kuma dek ba zai warware su ba sai da mabuɗi. Mabuɗin yana hannun wata ƙungiya ta masana'antar, DVD CCA, wadda ba ta ba kowa lasisi sai ya sa hannu cewa na'urarsa za ta girmama lambar shiyya. Kana son mabuɗi, ka ɗauki sharaɗi.

Dalilan masu fim kuwa duk na kuɗi ne. A wancan zamani fim yakan fito sinima a Amurka, sai bayan watanni ya isa Turai da sauran wurare, don buga kwafin fim na sinima yana da tsada, akan jira waɗanda aka gama da su a can a tura gaba. Ke nan faifan Amurka zai iya fitowa alhali a Landan ba a ma fara nuna fim ɗin ba, kuma in faifan ya tsallaka, wa zai sayi tikiti? Sannan haƙƙin rarraba fim ƙasa-ƙasa ake sayar da shi, wanda ya biya kuɗin Faransa ba ya son kayan wani su shigo masa kasuwa. Ga kuma farashi: ana so a sayar da tsada inda ake da kuɗi, da araha inda babu, ba tare da mai arahar ya koma ya karya kasuwar mai tsada ba. Wannan na ƙarshe da ya yi mana amfani da a ce sun cika shagunan Opera Square da faifan shiyya ta 5 masu rahusa. Ni dai ban ga haka ba. An kulle mu a ɗaki, ba a kawo mana abinci ba.

Abin da ya cike gurbin kowa ya san shi. Faifan kwafi, mai fim goma ko ashirin a cunkushe, wanda ake talla a bakin titi a Circle da Tudu. Masu buga irin wannan ba su da dalilin rufe ko ƙofa ɗaya, don haka yana aiki a kowane dek. Masu shirya finafinan gida ma, na Kano da na Kumasi da na Legas, ba su damu da kulle shiyya ba, su da suke neman kayansu ya kai ko'ina. VCD kuwa, wanda aka tsara tun 1993 kuma shi ya raini kasuwar finafinanmu bayan kaset, babu ma gurbin shiyya a tsarinsa sam. Faifan Indiya da yawa a buɗe ake buga su, saboda masu sayensu a Ingila da Amurka. Sai lissafi ya juye: wanda ya sayi na sata ya kalli fim lafiya, wanda ya biya kuɗin halal ya sayi na asali shi ke zaune yana kallon "Wrong Region". A ganina babu hujjar da ta kai wannan nuna cewa tsarin bai yi aikin da aka ce don shi aka yi ba. Satar fasaha laifi ce a Gana, dokar haƙƙin mallaka ta 2005 tana nan, kuma 'yan fim ɗinmu su suka fi kowa shan wuyarta. Amma mai son kallon faifan da ya saya da guminsa bai saci komai ba.

Ɗan dek ɗin maƙwabtanmu fa, me ya sa bai tambaya ba? Masana'anta ba ta ƙera na'ura daban don kowace shiyya, asara ce. Allo ɗaya ake bugawa na duniya duka, a ƙarshe a rubuta lambar a cikin manhajarsa. Ƙananan masana'antun Sin da ke sayar wa Afirka da Asiya da Gabas ta Tsakiya a lokaci guda sai suka riƙa barin wurin a buɗe, don ba su san inda kwantena za ta sauka ba. Ko a cikin manyan kamfanoni, na'urori da yawa suna da ɓoyayyen shafi: ka buɗe tiren faifai, ka danna wasu lambobi a rimot a jere, shafi ya fito ka mayar da shiyya 0 ko ka zaɓi wadda kake so. Lambobin sun bambanta daga ƙira zuwa ƙira, kuma masu gyara na Zongo Lane sun haddace da yawa. Wasu na'urorin kuwa ba su da wannan ƙofar baya, sai an buɗe ciki an yi aiki a kan allon. Sau da yawa mai tsadar ne mai taurin kan.

Kamfanonin fim ba su naɗe hannu ba. Wajen shekarar 2000 Warner da Columbia suka fara sa wani tarko mai suna RCE a wasu faifan shiyya ta 1. Shi wannan faifan ne da kansa ke tambayar dek, "Kai ɗan wace shiyya ne?" In dek ya amsa cewa shi na kowa ne, sai faifan ya ƙi, ya nuna taswirar duniya da gargaɗi. Maganinsa a saita dek a kan 1 da hannu maimakon 0, a gama kallo a mayar. Makullin kwafar ma bai daɗe ba. A 1999 wani yaro ɗan ƙasar Norway mai shekara 15, Jon Lech Johansen, da wasu abokan aikinsa suka fitar da manhajar DeCSS mai warware CSS. Aka gurfanar da shi a kotu, kotu ta wanke shi a 2003.

Masu kallo a kwamfuta su yi hattara da wani rami. Tun daga shekarar 2000, na'urar faifai da ke cikin kwamfuta tana riƙe lambar shiyya a cikin kanta, kuma sau biyar kawai take yarda a saita. Ka sa faifan Amurka, ta tambaye ka ko a canza zuwa 1, ka ce to. Gobe ka sa na Ingila, ka koma 2. Kana yi tana ƙirgawa, ranar da adadin ya cika sai ta daskare a kan ta ƙarshe. Sake ɗora Windows ba ya warware wannan, don ƙidayar ba a cikin Windows take ba. Laftof ɗin hom-yus kuma wataƙila mai shi na farko ya riga ya cinye wasu. Manhajar VLC, wadda ɗalibai suka faro a Faransa kuma kyauta ce, takan tsallake tambayar shiyya a na'urori da yawa, shi ya sa ya fi kyau a gwada ta kafin a taɓa saitin.

Duk wannan kashi ɗaya ne na "bai yi ba". Kashi na biyu ya girmi DVD nesa ba kusa ba, kuma shi ya fi shafar faifan biki da suna da walima. Talabijin na da yana tafiya ne da bugun wutar lantarkin ƙasarsa. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta Turai da tamu sau 50. Daga nan aka samu tsari biyu manya. NTSC na Amurka da Kanada da Japan yana da layi 525, hoto kusan 30 a daƙiƙa. PAL, wanda aka ƙirƙiro a Jamus aka fara watsa shi a 1967, yana da layi 625, hoto 25 a daƙiƙa, kuma shi Gana da Najeriya suka bi. A kan faifan DVD bambancin ya zama tsayin hoto 480 da 576. Wannan ba makulli ba ne, babu wanda ya sa shi don mugunta, yare ne kawai ya bambanta. Alamarsa ma daban ce: dek zai karɓi faifai, sauti zai fito, amma hoto ya zo baƙi da fari, ko ya riƙa birgima daga sama zuwa ƙasa. In ka ga haka, shiga saitin dek ka nemi inda aka rubuta PAL da NTSC da Auto, ka zaɓi wanda talabijin ɗinka ke ji. Lamba da yare ba sa tafiya tare dole: Japan da Ingila duk shiyya ta 2 ne, amma faifan Japan NTSC ne, na Ingila PAL.

A nan akwai wani rashin daidaito da ya kamata masu ɗaukar bidiyon biki su riƙe. Yawancin dek da talabijin da ake sayarwa a ƙasashen PAL suna iya nuna NTSC. Na kasuwar Amurka kuwa da yawa ba su san PAL ba ko kaɗan. Ke nan faifan da ya taso daga Bronx zuwa Nima ya fi samun sauƙi a kan wanda ya tashi daga Nima zuwa Bronx. An yi biki a Fadama, mai bidiyo ya ɗauka da PAL, ya haɗa, ya buga, aka ba matafiyi ya kai wa yayar amarya a Amurka, sai ta bugo waya tana faɗa wai an aiko mata da faifan banza. Faifan da aka buga a shago ba ya ɗauke da kullen shiyya, don haka kada ma a nemi laifin a can. A ce wa mai haɗawa ya fitar da kwafi ɗaya da NTSC, ko kuma a tura mata fayil ɗin kawai, don waya da kwamfuta ba ruwansu da wannan rigima.

Wani abin mamaki da ke tattare da PAL: fim ɗin sinima hoto 24 ne a daƙiƙa, PAL kuma 25 yake so. Maimakon a wahala, sai kawai a ƙara wa fim ɗin gudu da kashi 4 cikin 100. Fim mai minti 120 ya koma wajen 115 a faifan Turai, muryoyi su ɗan ƙara kaifi. Na taɓa jin ana musu a wani shagon aski wai faifan Ingila an yanke masa wani wuri don ya fi na Amurka gajarta. Ko daƙiƙa ɗaya ba a cire ba, sauri kawai yake yi.

Dattawa za su tuna tsari na uku, SECAM na Faransa, wanda maƙwabtanmu Togo da Kwaddibuwa da Burkina Faso suka gada. Zamanin kaset, in an kawo na Lome aka sa a bidiyon PAL, sai ya fito babu kala, shi ya sa bidiyo mai jin kowane tsari ya yi daraja a lokacin. DVD ya kashe wannan matsala, don babu faifan SECAM, ƙasashen nan ma na PAL suke amfani da shi.

Sauran dalilan ba sa buƙatar dogon bayani, amma su suka fi yawa a teburin mai gyara. Faifan da aka ɗauka kai tsaye da kyamara ko da dek mai ɗauka, in ba a rufe shi ba bayan an gama, wato a yi masa "Finalize", babu inda zai yi aiki sai a na'urar da ta ɗauke shi, a mayar can a rufe shi. Akwai faifan da fayil kawai aka zuba masa irin na kwamfuta, MP4 ko AVI, wanda tsohon dek bai san yadda zai karanta ba ko da yake a ido faifan DVD ne. Tsofaffin na'urori wasu suna karɓar DVD-R su ƙi DVD+R. Sannan ido: hasken da ke karanta CD da VCD daban, na DVD daban, a cikin ido ɗaya. Ɗaya yana iya mutuwa ya bar ɗaya, sai ka ga dek yana cin VCD yana tofar da DVD, ko akasin haka, yana rubuta "No Disc". Wannan kam aikin mai gyara ne, kuma ƙurar hunturu tana da hannu a ciki. In kuma hoto yana haske yana duhu da kansa, duba ko an bi da wayar dek ta cikin tsohon bidiyon kaset kafin ta kai talabijin, akwai wata kariyar kwafi mai suna Macrovision da ke haddasa haka, a haɗa kai tsaye ya daina.

Wuta kuwa ba ta ba da dama ta biyu. Amurka bolt 120 take amfani da shi, Japan 100, mu 230. Kafin a soka na'urar da ta fito daga duro a bango, a juya bayanta a karanta. In an rubuta 100 zuwa 240, bismilla. In 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba ƙara ɗaya za a ji da ɗan hayaƙi, shi ke nan an huta da maganar shiyya.

Da Blu-ray ya zo a 2006 sai aka sake rabon, wannan karo kashi uku da haruffa. A ta ɗauki nahiyar Amurka duka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya. B ta haɗa Turai da Afirka baki ɗaya da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya. C ta samu Indiya da Sin da Rasha da tsakiyar Asiya. Lura da yadda dangantaka ta sauya: a DVD muna ɗaki ɗaya da Indiya, Ingila da Saudiyya suna waje, a Blu-ray mun koma ɗaki ɗaya da Ingila da Saudiyya, Indiya ta fita. Don haka faifan Blu-ray daga Landan ko Hamburg namu ne, na Niyok ba namu ba, sai in a buɗe aka bar shi, kuma da yawa a buɗe suke, za ka ga A da B da C duka a bayan kwali. Na'urar Blu-ray tana ɗauke da kulle biyu, harafi don Blu-ray, lamba don DVD, kuma buɗe ɗaya ba ya buɗe ɗayan. Na harafin ya fi wuya, da ƙyar rimot kaɗai ke iya shi. Faifan Blu-ray ba zai taɓa aiki a dek ɗin DVD ba ko shiyyarsu ta zo ɗaya, don da shuɗin haske ake karanta shi, na DVD ja ne. Faifan 4K da ya fito a 2016 shi ne aka sake shi babu shiyya, sai dai Blu-ray na biyu da akan haɗo a kwali ɗaya yana iya zama a kulle.

Yaran da ke kallon fim a na'urar gem su ma abin ya biyo su. A PlayStation 2 wasannin kansu a kulle suke shiyya-shiyya. Daga PlayStation 3 aka saki wasanni kusan duka, amma faifan fim har yanzu sai ya dace da inda aka sayar da na'urar. Yaro zai ga wasan Amurka ya yi a na'urar Turai, ya ɗauka fim ma zai yi.

Wani zai ce ai yanzu kowa waya da filashi, wa ke ta faifai? Gaskiya ne shagunan haya sun zama na cajin waya da tura fim. Amma a akwatunan gidajenmu akwai bikin iyaye, da saukar karatu, da wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda babu su a ko'ina sai a faifan nan, kuma faifan da aka buga a shago yana lalacewa da zafi da daɗewa. Duk wanda ke da irinsu ya nemi kwamfuta mai cin faifai ya juye su tun ana samun irinta. Taswirar kuma ba ta mutu ba, intanet ta koma: duk ranar da ka taɓa bidiyo aka ce ba a nuna shi a ƙasarku, rabon haƙƙin nan ne na ƙasa-ƙasa ya sake tare ka.

Namu dek ɗin na Jamus, mun kai shi Zongo Lane a ƙarshe. Mai gyaran ya juya bayansa, ya karanta lambar ƙirar, ya girgiza kai ya ce wa tsohonmu, "Baba, wannan ba ya jin rimot, sai an buɗe shi, kuma kuɗin aikin ya fi kuɗin sabon ɗan Sin." Tsoho ya ce ba za a farke masa na'ura ba. Muka sayi ɗan Sin ɗin a shagon da ke kusa, muka dawo gida muka ɗora shi a kan na Jamus, aka kalli faifai shidan cikin mako guda.